Idon Kyamarar da Na Kai Gyara Magarya

Tun da na dawo daga Magarya ba ni da sakat. A majalisarmu ta bakin tasha, a ƙofar masallaci bayan la'asar, har ta waya, tambayar ɗaya ce: "Sale, yaya Nijar? An gyara kuwa?" Ni kuma sai in ce alhamdu lillahi, in ba su labarin burodin mutanen can mai kama da kulki, a yi dariya a watse. Na gaji da wannan amsar, don rabin gaskiya ce. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda tafiyar ta kasance, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Shekara ashirin da shida ke nan ina ɗaukar hoto a Kazaure. Da can babu suna ko biki ko saukar karatu da za a yi a unguwarmu ba a aiko mini ba. Da wayar hannu mai kyamara ta cika gari, sai aiki ya riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage mini shi ne aikin nesa, wanda waya ba ta iyawa: ƙwallon ƙafa, kokawa, manyan taruka inda ba a barin mutum ya matsa kusa. Wannan kuwa da dogon idon kyamara nake yin sa, wanda mu masu sana'a muke kira zum. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, yana jawo fuskar mai tsaron gida daga wancan ƙarshen fili har ka ga gumin goshinsa. A cikinsa akwai wani ɗan inji da ake kira sitabilaiza. Aikinsa ya riƙe wani ƙaramin gilashi yana juya shi, in hannunka ya motsa hagu shi ya motsa dama, hoto ya tsaya cak. Shekara tara muna tare da idon nan, bai taɓa ba ni kunya ba.

A tsakiyar damina ake gasar ƙwallon matasan ƙananan hukumominmu huɗu, ni ne kuma mai hotonta. Ranar wasan kusa da na ƙarshe, ina cikin aiki sai na ji wata ƙara a kunnena kamar zanzaro ya shiga kwalba. Na leƙa, sai na ga fili yana tsalle. 'Yan wasa su hau sama su sauko, turken raga ya karkace ya miƙe. Na kashe, na kunna, haka. Da na koma gida na duba hotunan ranar, cikin kusan ɗari biyu waɗanda za a iya nuna wa mutane ba su kai goma ba. Shugaban kwamitin gasar ya kalle su, sannan ya ce, "Malam Sale, saura kwana goma sha biyu wasan ƙarshe. In ba za ka iya ba ka faɗa mana da wuri, akwai masu kyamara a Kano." Na ce masa ƙaramin abu ne.

Duk abin da na sani na yi a gida. Na cika batir taf, don an ce in ya yi rauni injin yakan rikice. Na cire idon, na goge 'yan haƙoran tagullan da ke haɗa shi da kyamara da auduga da sifirit. Na ɗora shi a kan ƙafa uku, ƙarfen da ake kafa kyamara a kai. Na kashe maɓallin sitabilaizar gaba ɗaya, ina cewa sai in yi aiki babu shi. Nan ma babu sauƙi, don gilashin cikin ya saki, in ka girgiza idon sai ka ji ƙwar-ƙwar, hoto kuma rabinsa garau rabinsa dishi-dishi. Na shiga Kano na wuni. Shago biyu na je, duka suka ce samfurin ya tsufa, kayansa sai an aika Legas, ko a samu ko kada a samu, in saurara wata ɗaya ko biyu. Sabon ido kuwa ko tambayar kuɗinsa ban yi ba, na san ba nawa ba ne.

Washegari na tafi Roni wurin Bala, abokin sana'ata tun muna koyon wankin hoto a ɗaki mai duhu. Kyamararsa irin tawa ce, ina so in gwada idon a jikinta in tabbatar inda ciwon yake, a ido ne ko a kyamara. Na iske shagonsa ya sauya. Labulen da ake tsayawa a gabansa, mai zanen bene da furanni, yana nan, amma an jingina masa tebur cike da wayoyin mutane ana caji. Kyamarar ma sai da ya aika gida aka ɗauko ta daga ƙarƙashin gado.

Muka ɗaura idon, ya leƙa ta ƙofar shago, ya nufi wani dutse. Bai yi daƙiƙa biyar ba ya sauke yana murza ido.

"Kai, wannan ai sai ya sa mutum amai. Sale, ba kyamararka ba ce, idon ne."

Na san haka za a ce, amma ba haka na so ba. Da kyamarar ce, da sai in ari tasa.

Matarsa ta aiko mana dambun zogale da man gyaɗa. Muna ci yana ba ni shawara. "Ka sayar da shi ko a yaya ne, ka sayi ɗan janareto ka kafa caji. Ni na daina wahalar da kaina. Mutane sun daina son hotonmu, mu ma mu daina son su."

Na ce, "Bala, ni ban iya komai ba sai wannan."

"Ni ma haka na ce," in ji shi, ya ci gaba da cin dambunsa.

Da zan tafi ya ce in dai na nace, in je Gwiwa ranar kasuwa in nemi Malam Tukur mai gyaran agogo da rediyo, an ce hannunsa yana da kyau a kan ƙananan abubuwa.

Ranar kasuwar ta kama bayan kwana biyu. An kwana ana ruwa, hanya ta jiƙe sharkaf. Mai babur ɗin da ya ɗauke ni ya ce mu yanke ta gonaki ya fi kusa. Muna tsakiyar wani kwari taya ta zame, muka kwanta a taɓo mu duka biyu. Ni dai jakar kyamara na ɗaga sama kamar mai riƙe da jariri, gwiwata ta sha ƙasa. Haka na shiga kasuwar Gwiwa, rabin farar rigata ja.

Malam Tukur dattijo ne siriri, yana zaune a rumfar kara da akwatin gilashi cike da matattun agogai. Na gaishe shi na ce sitabilaiza ce ta kawo ni.

Ya ce, "To ina take? Ta firji ce ko ta talabijin?"

Na ce ta kyamara ce, na miƙa masa idon. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya dube ni.

"A cikin nan? Ina ake jona mata wutar?"

Sai da na yi masa bayani sau biyu. Ya ce to bari ya leƙa. Ya kwance ƙananan sukurori huɗu na gindin idon, ya jera a kan murfin gwangwani. Ana cikin haka wata akuya da aka zo sayarwa ta ƙwace, ta bi ta ƙarƙashin teburinsa, murfin ya kife. Uku muka tsinta nan take, na huɗun ya shige cikin rairayi. Wata baiwar Allah mai sayar da garin rogo a rumfar kusa ta ara mana rariyarta. Ni da Malam Tukur muka durƙusa muna tankaɗe ƙasar kasuwa, mutane suna taruwa suna tambaya ko zinariya ce ta faɗi. Mun fi awa guda kafin ya fito, ɗan abu kamar ƙwayar gero.

Da ya mayar da su ya ɗaure, sai ya tura mini idon da hannu biyu.

"Malam, ka yi haƙuri. Na ɗaga murfin na ga abin da ke ciki, na ji tsoro. In na shiga ba zan iya fitowa ba. Amma akwai mutum ɗaya da na sani. Sunansa Mushe Abdu, wato Malam Abdu a bakin mutanen can, yana Magarya, cikin Nijar. Ya yi shekaru a Yamai yana gyara wa masu ɗaukar fim kayan aikinsu, yanzu ya tsufa ya koma gida. In shi bai iya ba, ka haƙura."

Ko sisi bai karɓa ba. Ya ce rariyar ce ta yi aiki, in gode wa mai ita.

Da na faɗa wa matata Hajara zan tsallaka Nijar, ta daɗe tana kallona.

"Baban Nafisa, sai ka je?"

Na ce saura kwana bakwai. Ta wanke rigar da ta sha taɓo, ta naɗe mini idon a cikin tsohon zaninta, ta sa mini ƙuli-ƙuli a gefen jaka.

Motar Babura ƙaramar tasi ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Muka biyo ta Ɗambatta muka ɓulla Kanya Babba, a nan ta fara tari. Direba ya buɗe gaba ya ce ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba, mu ɗan taimaka. Duk wanda ke motar ya sauka ya tura, ni kuwa da hannu ɗaya na tura don ba zan ajiye jakata ba. Wani Bafulatani da muke tare, wanda zai je duba shanunsa, ya tambaye ni abin da ke cikin jakar da nake lallaɓawa haka. Na ce masa ido ne ba shi da lafiya, zan kai shi magani. Ya yi mini jaje da gaske, ya ce Allah ya ba da sauƙi, ciwon ido ba daɗi. Ban gyara masa ba.

A Babura na sauka gidan yayata Uwani. Mijinta Malam Ado ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma, shi ya kai ni wurin mai canji na samu sefa, kuɗin Nijar, ya kuma haɗa ni da direban da ke zuwa Magarya kullum da safe. Yaya Uwani ta yi mini tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, irin wadda mahaifiyarmu take yi. Jikokinta sun zo hutu, gida cike. Da yamma ta sa suka yi wanka suka sa kayan sallah.

"Sale, tunda Allah ya kawo ka, ka ɗauke ni da su. Rabon da a haɗu haka an daɗe."

Na ce mata ƙaramin idon na bar shi a gida don rage kaya, wannan kuwa ba ya aiki. Ta ce kash. Sai Malam Ado ya ce ba komai, ya zaro wayarsa, ya ce ni ma in shiga layi. Na tsaya a bayan yayata, mai hoto na shekara ashirin da shida, surukina yana ce mini in ɗan matso in saki fuska. Hoton kuwa ya yi kyau. Na duba shi da kyau ina neman aibu, ban samu ba.

Da hantsi muka isa bakin iyaka ta Babban Mutum. Ni ban taɓa fita ƙasar nan ba, ina zaton zan ga katanga ko wata babbar ƙofa. Sanda ce kawai a gicciye da 'yan ɗakuna, gero a wannan gefe, gero a wancan. A gefenmu aka duba katina aka ce in wuce. A gefensu wani jandarma, irin 'yan sandan can, dogo, siriri, ya ce kowa ya buɗe kayansa. Da ya warware zanin Hajara ya ga idon, sai ya ja da baya kaɗan.

"Mushe, mi ne ne wannan?"

Na ce idon kyamara ne. Ya ce bai taɓa ganin mai tsawo haka ba, me nake so in hango a ƙasarsu? Aka sa ni a benci, motarmu ta tsaya saboda ni, fasinjoji suna tsaki. Babbansu ya fito, mai furfura a gemu, ya ce in haɗa in nuna masa yadda yake aiki. Na haɗa na ba shi. Ya leƙa ya nufi wata bishiyar gawo, na ji zanzaron ya tashi. Ya sauke da sauri ya dafa tebur.

"Wannan ko raƙumi ba ya gani. Ku bar shi ya tahi, aparai ɗinsa ba ya da lahiya."

Aparai kyamara yake nufi. Suka yi dariya, fasinjoji ma suka yi. Haka lalacewar idona ta zama takardar shigata Nijar.

Mun shiga Magarya rana tsaka. Abin da ya fara ba ni mamaki, gari ya yi tsit kamar an yi shara. Shaguna a rufe, ofisoshi a rufe. A Kazaure in ka rufe shago da azahar sai a zo tambayarka wa ya rasu. Can kuwa al'ada ce, kowa ya tafi gida ya kwanta, sai la'asar a sake buɗewa. Mai babur, su kabu-kabu suke ce masa, ya kai ni ƙofar gidan Mushe Abdu, aka ce yana barci, ba a tashinsa. Na zauna a dakali ina cin ƙuli-ƙuli har aka kira salla.

Da ya fito na ga tsoho ne gajere, ya haura saba'in, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Malam Tukur na Gwiwa ne ya aiko ni. Ya karɓi idon, ya kai kunne, ya girgiza sau ɗaya a hankali.

"Na ji. Amma ba yau ba. Ba a buɗe irin wannan da hasken marece. Ka kwana nan."

A zaurensa na sauka, aka shimfiɗa mini tabarma da gidan sauro. Hausarsu na ji ta sarai, sai dai suna cusa Faransanci kamar yadda muke cusa Turanci, kuma duk inda muke cewa fa su ha suke cewa. Aka kawo zogale da aka kwaɗa da ƙuli da albasa, sun ce kopto sunansa, da burodin nan dogo mai ɓawo, wanda sai da na jiƙa shi a miya kafin haƙorina ya shige shi. Shayinsu kuwa ba irin namu ba ne na mai shayi, babban kofi da madara. A ɗan mitsitsin gilashi ake ba ka, baƙi, mai ɗaci, kuma sau uku ake dafawa. Na sha na farko na yi godiya na miƙe zan wanke hannu, sai wani maƙwabcin Mushe Abdu da muke zaune tare ya ce ina za ni, ai ba a tashi sai an sha na uku. Da a ce hankalina a kwance yake da na ji daɗin zaman.

Da safe bayan rana ta ɗaga Mushe Abdu ya kira ni ɗakin aikinsa. Ya sa an yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya ajiye kwalin ƙwai wanda babu komai a ciki. Kowane sukuru ya cire sai ya sa shi a raminsa. Ya ce in zauna can, kada in yi magana, kada in yi tari. Na zauna ina kallon abin da nake ci da iyalina da shi yana rabuwa gunduwa-gunduwa. Ya kai awa biyu. Sannan ya yafito ni, ya ba ni tabaraunsa na biyu.

"Duba nan."

Na ga wata siririyar waya mai faɗi kamar zaren kaset, ta tsage. Kusa da ita wani ɗan naɗin tagulla ya yi baƙi.

"Wayar ta gaji ta tsage, ta haɗa wuta, wannan ya ƙone. Shi ke tura gilashin. Ba ni da irinsa, Damagaram babu, Yamai ma ban yi zato ba. Injin ya mutu, Malam Sale."

Na ce, "Baba, babu wata dabara?"

"Akwai guda. In tsayar da gilashin a tsakiya daidai, in ɗaure shi, kada ya sake motsi. Ido zai koma garau, sai dai babu mai riƙe maka hannu. Kai za ka riƙe da kanka. Mu da haka muka yi aiki shekara talatin, kahin a ƙirƙiro wannan."

Na ce ya ɗaure. Har na ji wani sanyi a raina. Ai ni ma na yi shekara goma sha bakwai ina aiki kafin in mallaki mai sitabilaiza.

Bayan azahar, da gari ya sake yin tsit, ya gama. Muka fita ƙofar gida. Can ƙarshen layi akwai allon wani kanti da rubutu a jiki. Ya ce in ja zum ɗin har ƙarshe in ɗauki allon. Na leƙa. Babu ƙara, babu tsalle irin na da, amma allon yana kaɗawa a hankali kamar ganye a iska. Na ɗauka. Muka duba, rubutun ya narke. Na ƙara saurin shata, wato ƙiftawar kyamara, na sake. Ya ɗan fi, amma ba a karantawa sosai. Na ɗauka sau goma sha biyu.

Na ce, "Baba, kamar bai ɗauru ba."

Ya karɓi kyamarar, ya tsaya inda na tsaya, ya ɗauka sau ɗaya, ya miƙo mini. Kowane harafi tar, har ƙusar da aka kafa allon da ita ana gani. Ya ɗora ta a kan katanga ya sa ta ɗauka da kanta, nan ma tar.

Ya ce mu shiga ciki. A zaure ya cika ɗan gilashin shayi da ruwa har baki, ya ce in miƙe hannuna na dama in riƙe. Na riƙe. Ruwan ya fara rawa, ya zubo ta gefe, ya bi yatsuna ya sauka a tabarma. Na matse gilashin da ƙarfi, rawar ta ƙaru. Na sauya hannu. Hagun ya fi dama, amma shi ma yana yi.

"Tun yaushe?" in ji shi.

Na ce, "Gajiyar hanya ce. Kuma shayinku yana da ƙarfi."

"Wataƙila." Ya karɓi gilashin ya ajiye. "Ni ba likita ba ne. Amma injin nan an yi shi ya yi aiki kaɗan-kaɗan. Naka na ga alamar ya daɗe yana aiki ba hutu. Shi ya riƙa ɓoye maka, har ya gaji. Jiya da kake shan shayi na gani, na ce bari in ga idon tukuna."

A lokacin mahaifina ya faɗo mini a rai. Shi ɗinki yake yi. Na tuna shekarar da ya daina iya zura zare a allura, yana cewa allurar zamani ce ba ta da kyau. Na tuna ƙarshensa, ana ba shi kunu a baki da ludayi. Shekarunsa a lokacin da abin ya fara ba su wuce nawa na yanzu ba. Na zauna a tabarmar da ta jiƙe. Tsohon ya bar ni, ya fita, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya ce in riƙa amfani da ƙafa uku, in jingina da bango in babu, in riƙe numfashi kafin in danna. Ya ce in je asibiti. Na ce to.

Dawowa ba ni da abin da zan ba da labari a kai. Jandarman nan dogo ya gane ni, ya ce, "Aparai ya samu lahiya?" Na ce ya samu. Ban tsaya gidan Yaya Uwani ba, daga tasha na sauya mota. Tun daga Babura har Kazaure hannuwana suna cikin aljihu, ina jin su suna abinsu.

Ranar wasan ƙarshe na je da ƙafa uku, na kafa a kusurwar fili. Abin da ke tsaye na ɗauke shi da kyau: 'yan wasa a jere kafin a fara, manyan baƙi a rumfa, kofi a kan tebur. Amma ƙwallo ba ta jiran mai ƙafa uku. Kafin in kwance in juya, ta bar wurin. Ƙwallo ɗaya aka ci a wasan, saura minti kaɗan a tashi, a ragar da ke nesa da ni. Na fizge kyamarar daga kan ƙafar na ɗauka da hannu. Abin da ya fito wasu launuka ne, kore da ja, kamar an shafa da tsumma. Hoton da aka yi ta yawo da shi a gari na wani ɗan kallo ne da ke bayan raga da wayarsa. Shugaban kwamiti ya karɓi nawa ya yi godiya, ya ce na jeren 'yan wasan sun yi kyau ƙwarai. Bai ce komai game da baɗi ba, ni ma ban tambaya ba.

Na je asibiti ni kaɗai. Likita ya sa na miƙe hannu, na taɓa hancina, na zana da'ira a takarda. Ya rubuta mini takardar zuwa Kano a yi gwaji. Ya ce akwai magani mai rage shi. Na ce mai warkarwa fa? Ya ce mu fara ganin gwajin.

Har lokacin ban faɗa wa Hajara ba. Washegari da safe, yara sun tafi makaranta, ta kawo mini koko da ƙosai ta zauna a gefe tana tsince shinkafa. Na daɗe ina shirya maganar a raina, amma da na buɗe baki sai ta fito a guntule.

"Hajara, idon an gyara. Ni ne ba a gyara ba. Hannuna ne yake rawa."

Ba ta ɗago ba. Ta jefar da wani ɗan tsakuwa, ta ce, "Na sani."

"Kin sani? Wa ya faɗa miki?"

"Baban Nafisa, yau shekara biyu ke nan ban cika maka kofi ba. Rigunanka duka na kai an faɗaɗa ramin maɓallansu. Ka ɗauka wanki ne ya sa suka saki."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Sai a lokacin ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. "Kullum ka dawo daga fili kana nuna mini hotuna kana murna. In ce maka me?"

Na duba kofin da ke gabana. Kokon bai wuce rabi ba. Na sa hannu biyu na ɗauka, ita kuma ta mayar da kanta kan tiren shinkafarta don kada ta ga yadda zan kai shi baki.